Dan Allah masu hannun jari a banki: ta yaya zan gane dibiden ɗin da ake ba mu zai ɗore?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan, don gaskiya abin ya fara hana ni barci.

Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, ɗan abin da ya tara a rayuwarsa bai sayi mota ba bai ƙara aure ba, wani kaso ya ɗauka ya zuba a hannun jarin wani banki, lokacin Soludo yana gwamnan Babban Banki ne da bankuna ke bin mutane har shago har ofis suna tallan shiya, wato hannun jari. Bayan rasuwarsa an raba gado, mun sha zirga-zirgar takardun kotu da na rajistara har muka gama, sai mu 'ya'yan muka yarda kar kowa ya cire nasa, a bar shi a dunƙule, duk abin da ya faɗo na dibiden, wato rabon riba, a riƙa sayen maganin Hajiya da shi don tana da hawan jini ga kuma suga. Shekara da shekaru haka muke yi, ba yawa ne da shi ba amma yana rufa asiri.

To shekaru biyu zuwa uku da suka wuce sai dibiden ɗin ya yi tsalle, muka ji daɗi sosai. Ba a jima ba sai ga takarda wai bankin na neman ƙarin jari, masu hannun jari su zo su sayi ƙari a farashi mai sauƙi, muka yi karo-karo muka sayi kaɗan ba duka rabonmu ba. Bana kuma dibiden ɗin da ake bayarwa a tsakiyar shekara ya yi jinkiri har sai da na kira dillalinmu na hannun jari sau biyu. Kuma duk wannan lokacin ni da idona ina ganin reshensu da nake zuwa an rushe gaba an sake gini, an jera sola a rufi, an kawo sabbin ATM, an canza manhajar waya, ga labarin suna buɗe rassa a wasu ƙasashe. Sai na tsaya ina tunani, wai duk wannan kashe kuɗi daga ina yake fitowa? Daga aljihun da ake biyan mu ne ko wani aljihu daban? In aljihu ɗaya ne ai wata rana ɗaya zai danne ɗaya.

Yayana ya ce a sayar kawai a sayi fili wajen Rigachikun ko Millennium City a huta. Ƙanwata ta ce fili ba ya sayen magani duk wata, kuma ita ma tana da gaskiya. Ni ne a tsakiya kuma ni aka ɗora wa nauyin na bincika.

Tambayata: akwai hanyar da mutum irina da bai karanta akanta ba zai duba ya gane cewa bankin nan zai iya ci gaba da raba riba kuma yana gine-ginensa da sayen na'urorinsa ba tare da ya ci uwar kuɗi ba? Ba na bana kaɗai ba, nan da shekara biyar ko goma nake nufi. Ban ambaci sunan bankin ba da gangan don ba ɓata suna na zo yi ba.

Mai Shago a Panteka:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya.

Ɗan'uwa ni dai ra'ayina irin na yayanka ne, ku sayar. A 2007 na shiga harkar nan da ƙarfina, bankin da na saya duk shekara sai sun yi taro a babban otal sun sanar da riba sun raba dibiden har da kyautar ƙarin shiya, ma'aikacinsu ma har cewa ya yi na karɓi bashi a wajensu na ƙara saya, Allah ya taimake ni ban karɓa ba. 2008 kasuwa ta faɗi, 2009 aka ce ashe ribar duk a takarda take, kuɗin da na tara na shekara shida a sayar da ƙarfe suka narke ina kallo. Takardar shaidar na nan a akwati har yau. Fili ko banza kana zuwa ka taka shi da ƙafarka. Duk lissafin da za a koya maka a nan, alƙaluman ai su bankin ne suka rubuta su da hannunsu, to ka yi tunani.

Ɗalibar Akanta Kadpoly:

Yaya akwai lissafi mai sauƙi da aka koya mana, bari na faɗa maka ka gwada.

Ka shiga shafin bankin na intanet ko na NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, ka sauke rahotonsu na shekara, kyauta ne, kuma kar ka ɗauki na shekara ɗaya, ka ɗauki biyar a jere. Ka tsallake hotuna da jawabin shugaba, ka je shafin da ke nuna shige da ficen tsabar kuɗi. Lamba uku kake nema. Ta farko tsabar kuɗin da ainihin kasuwancin ya shigo da shi a shekarar. Ta biyu abin da aka kashe wajen sayen kadara mai daɗewa, wato gini, motoci, janareto, kwamfutoci, har da manhaja, ita manhaja yawanci layinta daban yake don haka kar ka manta da ita. Ta uku dibiden ɗin da aka biya. Sai ka haɗa ta biyu da ta uku, ka raba ta farko da jimillarsu. In amsar ta wuce 1 to kasuwancin ne da kansa ke ɗaukar nauyin duka biyun har da saura, in ta gaza 1 to da wani abu aka cike, ko bashi ko ajiyar baya ko kuɗin sabbin masu saka jari.

Misali a ce ya shigo da biliyan 150, ya kashe 40 a kadara, ya raba 60, kaga 150 a raba da 100 ya ba da ɗaya da rabi, lafiya lau kenan. Shekara ɗaya ta gaza ba komai ba ne don wataƙila a shekarar aka gina hedikwata, amma in ka haɗa biyar ɗin gaba ɗaya ta gaza to akwai magana.

Kawu na Panteka kuma Allah ya mayar da alheri, amma yanzu akwai masu binciken kuɗi na waje da suke sa hannu kuma CBN, wato Babban Bankin Najeriya, sai ya amince kafin a fitar da rahoton banki, ba kamar yadda kake zato ba ne gaba ɗaya.

Baba Barnawa:

Salamu alaikum. Na yi shekara ashirin da wani abu a banki kafin na yi ritaya, rabinsu a sashen lissafi, don haka bari na sa baki, ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita.

'Yata ta Kadpoly, Allah ya yi miki albarka, lissafinki daidai ne kuma tunanin da ke bayansa shi ne tunanin da ya kamata. Amma wannan ma'aunin an yi shi ne don kamfanin siminti ko na fulawa ko na lemo, in kika ɗora shi a kan banki yadda yake zai ruɗa yayan naki. Dalili kuwa, a banki kuɗi shi ne hajar. Kuɗin da ɗan kasuwar Kasuwar Bacci ya kawo ajiya yana shiga cikin waccan lambar ta farko, bashin da banki ya bayar yana fita daga cikinta, kuɗin da CBN ke ƙwacewa ya kulle a wajensa shi ma daga cikinta yake fita, kuma ba ɗan kaɗan ba ne, a 2024 sai da aka kai shi kashi 50 cikin ɗari na ajiyar mutane, daga kashi 32.5 da yake a farkon shekarar. To sai ki ga banki mai lafiya ya nuna lambar nan a ƙasa da sifili don kawai ya ba da bashi da yawa a shekarar, banki mai ciwo kuma ya nuna ta cike fal don ya tara ajiyar mutane da tsada a watan Disamba. Ajiyar mutane kuwa amana ce, ba a raba dibiden da ita. Don haka ki riƙe lambarki ta biyu da ta uku, amma ta farkon ki musanya ta da ribar bayan haraji, sannan ki tace ribar.

Tacewar nan ita ce aikin. Ɗana na Tudun Wada, ka ce dibiden ya yi tsalle shekara biyu zuwa uku da suka wuce, na san dalili ko ban san bankin ba. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala da ke wajen 460 a hukumance ta haura 700 cikin kwanaki, farkon 2024 ta wuce 1,500. Duk bankin da ke riƙe da dala fiye da bashin dalar da ke kansa ya kwana ya tashi da riba mai yawan gaske ba tare da ya yi wani aiki ba, lissafi ne kawai ya canza. Wannan ribar ba ta maimaituwa sai in naira ta sake faɗuwa irin haka. CBN da kansa a watan Satumban 2023 ya hana a biya dibiden da ita, daga baya gwamnati ta ɗora mata haraji na musamman. Sai kuma kuɗin ruwa da aka ɗaga har ya kai kashi 27.5, bankuna suka riƙa zuba kuɗi a takardun bashin gwamnati suna kwasa, shi ma wannan yanayi ne, yana zuwa yana wucewa. To in ka buɗe rahoton ka nemi layin ribar canjin kuɗi ka cire shi gefe, ka ga me ya rage daga aikin yau da gobe, wato bashi da kwamishon da cajin tiransifa da sauransu. Abin da ya rage ɗin shi ne zai sayi maganin Hajiya nan da shekara biyar.

Daga wannan ribar ma ba duka ake taɓawa ba. Doka ta ce sai an ware kashi 15 an ajiye, in ajiyar ba ta kai yawan jarin da aka biya ba kashi 30 ne. Kuma akwai abin da mutanen waje ba sa gani, shi ne babban injin banki ba gini ba ne ba janareto ba ne, jarinsa ne. Duk bashin da zai bayar sai yana da nasa kuɗin na kansa a bayansa, aƙalla kashi 10 ga masu lasisin cikin gida, kashi 15 ga masu lasisin ƙasa da ƙasa. Da naira ta faɗi bashin dala da suka bayar ya kumbura a lissafin naira, ke nan jarin da ake buƙata a bayansa shi ma ya kumbura. Saboda haka banki na da baki uku da yake ciyarwa daga tukunya ɗaya: ku masu dibiden, gine-gine da na'urori, sai jarin da zai tsaya wa bashi. Na ukun ya fi na biyun ci nesa ba kusa ba, kuma shi ne in ya ji yunwa CBN ke rufe bakin ku na farko. Ƙa'idar a rubuce take tun 2014 aka kuma sabunta ta a 2018, bankin da jarinsa bai kai ma'auni ba ba ya raba komai, wanda bashinsa da ya maƙale ya wuce kashi 10 shi ma haka, wanda ke tsakanin 5 da 10 an yanke masa iyakar abin da zai raba. Jinkirin da ka gani bana kuwa ina kyautata zaton yana da alaƙa da takardar da CBN ya fitar a watan Yunin 2025, inda ya ce duk bankin da ake ɗaga wa ƙafa a kan wasu manyan basussuka ya dakatar da dibiden da bonas ɗin daraktoci da zuba jari a ƙasashen waje har sai ya gyara littafinsa. Ka tambayi dillalinku kai tsaye ko bankinku na ciki, kuma ko ya fita.

Yanzu maganar gini da sola da ta tsaya maka a rai. Ni wallahi bankin da ba ya kashe irin wannan kuɗin ya fi ba ni tsoro. Kuɗin kadara ba a cire shi gaba ɗaya daga ribar shekarar da aka saya, ana rarraba shi ne a kan shekarun da kayan zai yi yana aiki, kowace shekara a cire wani yanki a matsayin tsufan kaya. Ka nemi wannan lambar ta tsufan kaya ka jera ta kusa da abin da suka kashe wajen sayen sabo. In shekara biyar a jere abin da suke saya bai kai abin da ke tsufa ba, to suna cin jikinsu ne don riba ta yi kyau a ido, kuma ranar biya na nan zuwa. A ƙasar nan ma abin ya fi haka tsanani, don na'urar da aka saya dala na 460 ita ake cire tsufanta a tsohon farashi, amma ranar da za a canza ta a farashin yau za a saya, ninki uku. Manyan kwamfutocin ajiyar bayanai, lasisin manhaja, kayan tsaron intanet, ATM, duk da dala ake biyan su. A ƙarshen 2024 manyan bankuna da yawa sun canza babbar manhajar da ke riƙe da asusun kowa, aiki ne mai cin kuɗi sosai kuma ba a iya guje masa har abada, ga su OPay da Moniepoint sun kwashe masu POS da ƙananan 'yan kasuwa, wanda bai gyara manhajarsa ba zai zauna da gini babu kowa a ciki. Sola kuma da kuɗin dizal da wutar Band A, wato rukunin masu samun wuta mafi yawa, da aka kai naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan kashewa ce da ke dawo da kanta. Wanda nake sa wa ido shi ne dogon bene na alfarma da jirgin sama da sayen banki a ƙasar da ba a san me za a samo ba.

Kai ɗan Kakuri ne ba sai na faɗa maka abin da ke faruwa da masana'antar da injinanta suka tsufa ba a sabunta ba, ga fasa-ƙwauri ga rashin wuta suka taru a kanta.

Alhaji na Panteka, ban ga laifinka ba ko kaɗan, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ina ciki lokacin, 14 ga Agustan 2009 Sanusi, gwamnan CBN na lokacin, ya cire shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya aka zuba naira biliyan 420 don kar su rushe, a 2011 aka karɓe Afribank da Spring Bank da Bank PHB, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Amma ko a lokacin alamun na nan ga mai dubawa, bashi na ninkawa duk shekara fiye da hankali, ana raba riba ana kuma dawowa kasuwa neman kuɗi kusan duk shekara.

Maman Ummi U/Dosa:

Baba Allah ya saka da alheri, na karanta sau biyu. Ni ba boko mai zurfi na yi ba amma abin da ka faɗa na tsufan kaya na gane shi sarai don injin markaɗe da na niƙa nake da su. In na kwashe duk cinikin rana na kai gida na ce riba ce, ranar da dutsen injin ya cinye ko belt ya tsinke ko injin ya buƙaci a sauke shi gaba ɗaya sai na ci bashi, shi ya sa kullum akwai gwangwanin da nake jefa na gyara kafin na ƙirga nawa. Kuma abin da nake jefawa bara bana ba ya isa don kayan gyaran sun ninka.

Abin da nake so na ƙara wa ƙanena mai tambaya shi ne, rashin dibiden ba kullum ne alamar ciwo ba. Mu da yawa a garin nan mun sayi hannun jarin Jaiz tun 2003 da aka fara tallansa a masallatai da rediyo, bankin bai buɗe ƙofa ba sai Janairun 2012, da rassa uku, Abuja da Kano da nan Kaduna, kuma dibiden na farko sai a 2020 aka raba, kobo 3 a kan kowane hannun jari. Ka ƙirga shekarun. Duk tsawon lokacin kuɗin na tafiya ne wajen neman lasisi da buɗe rassa da kafa na'urori da cike asarar shekarun farko, wanda ya sa kuɗinsa a lokacin don ya riƙa sayen magani duk wata ai ka ga bai dace da shi ba, wanda ya sa don jikoki kuma daidai ne. To ku naku na magani ne, don haka banki mai tsayayyen biya kuke buƙata ko da ba shi da yawa, ba mai ba da da yawa bana baɗi shiru ba.

Sannan ka auna dibiden ɗin da kuɗin maganin kansa, ba da na bara ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, maganin suga kuwa kowa ya san ya fi haka tashi. In da dibiden na shekara na sayen maganin wata takwas yanzu yana sayen na wata biyar to ya ragu ko da lambar da ke shigowa a alat ta ƙaru. Kuma kar ka manta ana cire kashi 10 na haraji kafin ya iso ku.

Ɗan Tudun Wada:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Baba na sauke rahoton shekara uku a waya tun jiya da daddare, na ga layin ribar canjin kuɗin da ka ce, wallahi a 2023 babba ne sosai, a ta bayanta ya ragu. Amma abu biyu sun ɗaure min kai. Na ɗaya, ko'ina lambobi layi biyu ne, ɗaya an rubuta na rukuni ɗaya na kamfani, wanne zan bi? Na biyu, maganar da ka yi cewa a 2008 alamar ciwo ita ce ana raba riba ana dawowa neman kuɗi, to ai mu ma abin da aka yi mana kenan, an ba mu da dama an karɓa da hagu. Ke nan yayana ne da gaskiya?

Baba Barnawa:

A'a ɗana, kar ka yi saurin yanke hukunci a kan wannan, na wannan karon daban ne. Ranar 28 ga Maris 2024 CBN ya ce kowane banki ya ƙara jari, mai lasisin ƙasa da ƙasa naira biliyan 500, na ƙasa baki ɗaya biliyan 200, na yanki biliyan 50, bankunan da ba sa harkar ruwa biliyan 20 da biliyan 10, aka ba da wa'adi zuwa 31 ga Maris 2026. Kuma aka ce ribar da banki ya tara ya ajiye tsawon shekaru ba za a ƙirga ta ba, sai kuɗin da masu hannun jari suka zuba da hannunsu. Shi ya sa har irin su Zenith da GTCO da kowannensu ya ci ribar sama da tiriliyan ɗaya a 2024 sai da suka fito neman kuɗi. Irin abin da ya faru ne a zamanin da mahaifinku ya saya, da aka ɗaga daga biliyan 2 zuwa 25, bankuna 89 suka koma 25, Bank of the North ɗinmu ya narke cikin Unity. Wanda doka ta tilasta wa kowa ba a kama banki ɗaya da shi. Abin da za ka duba shi ne kafin 2024, a shekara goma sau nawa suka zo neman kuɗi ba wanda ya tilasta su. Ka haɗa duk dibiden da suka raba a shekarun, ka cire duk abin da suka karɓa daga masu hannun jari, ka ga me ya rage a hannunku.

Amma akwai inda ƙarin jarin nan ya shafe ku kai tsaye, kuma tunda ba ku sayi rabonku duka ba ya kamata ka sani. Hannayen jari sun ƙaru, masu cin tuwon sun ƙaru. A ce banki na da hannun jari biliyan 30 yana ba kowanne naira 3, biliyan 90 kenan. Ya sayar da sabbi biliyan 10, yanzu kafin ya ba da naira 3 ɗin nan dai sai ya nemo biliyan 120. Sabon kuɗin da ya karɓa kuwa sai ya ɗauki lokaci kafin ya fara haihuwa, musamman kason da suka ce na na'urori da rassa ne, takardar tayin da aka aiko muku ta faɗi yadda za a raba kuɗin, ka nemo ta ka karanta. Don haka ribar kowane hannun jari ɗaya za ka riƙa bi daga yanzu, ka ga kashi nawa nata ake rabawa. Mai raba kashi 25 ko 30 yana da wurin numfashi in shekara ta yi tsanani, mai raba 70 ko 80 da riba ta ɗan girgiza sai ya yanke.

Maganar layi biyu, na rukuni shi ne bankin da duk 'ya'yansa na ƙasashen waje da kamfanonin fansho da sauransu a haɗe, shi za ka bi don ganin ƙarfin gidan. Amma in kamfanin da kuke da hannun jarinsa uwa ce mai riƙe da banki, to ita ba ta da kuɗin kanta sai abin da 'ya'yan suka turo mata, ka duba layin kamfani ka ga dibiden nawa ta karɓa daga ƙasa, nawa ta raba muku, kuma tana da bashi a kanta ko babu. Ribar da ke zaune a reshen Ghana ko Kenya ba lallai ta iso Legas a shekarar ba.

Abu ɗaya da zan yarda da yayanka a kai, kar maganin Hajiya ya rataya a kan banki ɗaya tak. In banki ya faɗi NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, masu ajiya take biya, har naira miliyan 5 tun 2024, kamar yadda aka yi da Heritage da aka soke lasisinsa a watan Yunin shekarar, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi kuma yawanci ba ya samun komai. Kuna iya sayar da wani kaso ku raba ƙafa, ba dole sai duka ko babu ba.

Malam Kawo:

Allah ya jiƙan mahaifinku. Ba a taɓo wani ɓangare ba, in bankin na harkar kuɗin ruwa ne ku zauna da malamin da kuka yarda da iliminsa ku ji hukuncin riƙe hannun jarinsa da cin ribarsa, tunda har magani ake saya wa mahaifiya da ita. In kun yanke shawarar canzawa akwai bankunan da ba sa harkar ruwa, akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da ke biya duk wata shida. Shi ma can ɗin sai kun yi irin lissafin da Baba ya koyar kafin ku zuba.

Ɗan Tudun Wada:

Malam na ji, kuma zan kai maganar gaban 'yan'uwana ranar Juma'a in mun haɗu a gidan Hajiya, dama ƙanwata ta taɓa tayar da ita. Baba na samo sauran rahoton biyu, yanzu biyar sun cika, na ja layi a littafi na rubuta ribar bayan haraji da ribar canji da dibiden da kuɗin kadara na kowace shekara. Tsufan kayan ne ban gano inda yake ba, na ga lamba ɗaya a shafin riba wata kuma a can baya cikin bayanai kuma ba su yi daidai ba, ko ɗaya ta haɗa da na manhaja ne ɗaya ba ta haɗa ba? Wacce zan ɗauka?